Yunwa a Gidan Mai Abinci

"Auta! Auta! Wai ke hancinki ya toshe ne? Miyar nan za ta kama!"

Umma ce ke ɗaga murya daga ƙofar kicin, waya a kunne, ludayi a hannu, tana faɗa da mai kawo nama tana faɗa da 'yarta a lokaci guda. Haka gidan yake kullum. Abincin sayarwa Umma take yi, na ofisoshi da na taro, tun kafin ta haifi Auta. Bayan gidan gaba ɗaya kicin ne: manyan tukwane a jere kan gas, buhunan shinkafa jingine da bango, kwandon albasa a ƙarƙashin tebur, kuloli a kife suna jiran a zuba.

A wannan gida ba a zama cin abinci. Kowa a tsaye yake ci, loma a nan, tsokar nama a can, ɗanɗanon gishiri, ƙanzon tukunya. Umma kan ce, "Wanda ke bakin tukunya ba a tambayarsa ko ya ci." Da wannan maganar ta reni 'ya'yanta duka har ta aurar da manyan, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Auta ta juya miyar, ta ɗebo kaɗan a cokali ta taɓa da harshe.

"Gishiri ya ji, Umma."

Da Umma ta juya baya, sai ta sunkuya ta tofar a wurin wanke-wanke, ta kuskure baki da sauri. Rigar sanyi ce a jikinta, a gaban wutar da ke sa 'yan aiki sharce gumi da gefen zane. Ba wanda ya kula. Mai aiki ba ya kallon mai aiki.

Abin ya samo asali ne ranar da ta je gaida mahaifiyar saurayinta. Saurayin nata mai gyaran wuta ne, shi ya zo haɗa wayar firizan Umma har ido ya faɗa cikin ido. Unguwa ta laƙaba masa Injiniya, ko da yake bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Yaro ne mai sanyin hali, yana son Auta kamar ransa, har an sa musu rana.

A falon Hajiya, mahaifiyarsa, Auta na zaune kan kafet kanta a sunkuye, sai yayarsa, wadda kowa ke ce wa Anti, ta shigo tana taunar cingam. Ta kama damtsen Auta ta ɗan matsa.

"Kai, Injiniya! Ashe ka iya zaɓe! An aike ka gidan mai abinci, ka ɗauko mana tukunyar gaba ɗaya!"

Falo ya kwashe da dariya, har Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi. Auta ma ta yi dariya, don ba ta san me za ta yi ba. Wata 'yar uwarsu ta ɗauki bidiyo ta turo mata da alamar dariya. Su sun manta kafin a kwashe kofuna. Ita kuwa ta kalli bidiyon nan har ta haddace shi.

Da farko cewa ta yi dayet za ta ɗan yi kafin biki. Ta bar shinkafa, ta bar burodi, ta bar nama. Ƙawaye suka fara cewa, "Wai! Kin ga yadda kika yi silim kuwa? Ba mu sirrin mana!" Daɗin maganar ya ratsa ta. Daga nan sai wata murya ta tare a kanta, muryar da ba ta Anti ba, ba kuma tata ba. In ta ɗaga cokali, muryar ta ce: *tukunya.* In ta tsaya gaban madubi, ƙasusuwan wuyanta a waje, muryar ta ce: *da saura.* Al'adarta ta ɗauke, ta yi shiru. Jiri ya riƙa ɗibarta in ta miƙe, ta yi shiru. Wani lokaci zuciyarta kan yi tsalle kamar murfin tukunya mai tafasa, sai ta dafe ƙirji tana salati har ya lafa. Tana tsoron mutuwa ƙwarai, amma tsoron loma ɗaya ya fi shi ƙarfi.

Injiniya ne ya fara tsarguwa. Wata yamma suna zaune kan benci a ƙofar gida, ya miƙo mata ledar tuffa, ya ga yatsunta na rawa, faratan sun yi shuɗi-shuɗi.

"Auta, yau me kika ci?"

"Haba dai! Ni da nake kwana cikin abinci?"

"Ban ce me kika dafa ba. Me kika ci?"

"Filis ka bar zancen nan. Kai ma ka fara, ko? Da na yi ƙiba an yi magana, yanzu na rame ana magana!"

"Ni na taɓa yi miki maganar ƙiba?"

"Ba ka yi ba. Amma ka yi dariya."

Wallahi ya manta da ranar, sai yanzu ta dawo masa, har da yadda ya sosa ƙeya yana murmushi. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta riga ta shige gida, ledar tuffa na nan kan benci.

Washegari ya sami Umma a kicin, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kwana-kwana kafin ya ce yana ganin kamar Auta ba ta cin abinci. Umma ta yi dariya har da tafa hannu.

"Yaro man kaza! Ramar amare ce, kowace yarinya tana yi. A gidan nan ko ɓera sai ya yi tumbi."

Asiri ya tonu ne ta hanyar da ba wanda ya zata. Wata mata da ta yi odar abincin taro ta dawo da kula guda, ranta a ɓace, ta buɗe a gaban Umma. Ga gashi nan a cikin shinkafa, ba sili ɗaya ba, ba biyu ba. A sana'ar Umma babu abin kunyar da ya kai wannan. Ta ba matar haƙuri har ƙasa, sannan ta shigo kicin kamar za ta tashi sama.

"Kowa ta cire ɗankwali! Yau sai na ga mai zubar min da mutunci!"

'Yan aiki suka cire. Auta ta tsaya riƙe da nata da hannu biyu, tana ja da baya.

"Umma, don Allah…"

Umma ta fizge. Gashin nan na Auta, mai cika da tsawo, wanda masu kitso ke kuka da shi, ya zube. Fatar kai ce fili-fili, sauran kuma ya yi ja ya bushe. Umma ta kama hannun rigar sanyin ta ja sama. Abin da ta gani bai fi kaurin muciya ba.

"Innalillahi! Auta, mene ne wannan? Wa ya yi miki?"

Auta ta buɗe baki, idanunta suka juye. Ta tafi luuu wajen tukunyar ruwan zafi. Da ɗaya daga cikin 'yan aikin ba ta rarumo ta ba, da labarin ya ƙare a nan.

A asibiti aka kwantar da ita, aka liƙa mata wayoyi a ƙirji, wata na'ura a gefen gado tana ƙara ɗif, ɗif, a hankali kamar mai jin barci. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta kira Umma da Injiniya ofishinta.

"Hajiya, 'yarki yunwa ce ke neman kashe ta."

"Yunwa?" Umma ta miƙe tsaye. "A gidana? Likita, kin san ko ni wace ce? Rabin ma'aikatan asibitin nan abincina suke ci!"

"Zauna, Hajiya. Ba rashin abinci ba ne, ciwo ne. Sunansa anoreksiya. Yana kama tunani, ya sa mutum tsoron abinci, ya riƙa ganin kansa da ƙiba alhali ƙashi ne da fata. Ba iskanci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Jikinta ya cinye kitsensa, ya koma cin tsoka, ita ma zuciya tsoka ce. Shi ya sa kike jin bugun nan a hankali."

"To ai sai a ba ta abinci! Yanzu zan sa a kawo…"

"A'a!" Likitar ta ɗaga hannu. "Nan ne haɗarin yake. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka dura masa abinci da yawa lokaci guda, sinadaran jini sukan rikice, zuciya tana iya tsayawa. Mu za mu riƙa auna mata, kaɗan-kaɗan, muna duba jininta. Kada a shigo mata da komai daga gida. Ko cokali ɗaya."

Umma ta ce to. Amma a hanyar fita tana ƙunƙuni. Ita da ta yi shekara talatin tana ciyar da gari, yau wata mai tabarau za ta koya mata yadda ake ciyar da 'yar da ta haifa?

A gidan su Injiniya kuwa wata wutar ce ta kama. Labari ya riga shi isa, an ƙara masa gishiri. Wasu sun ce ciwon zamani ne, wasu sun ce taɓin hankali.

"Ka janye," in ji Hajiya. "Tun ba a ɗaura ba ka fara jinya? Yarinyar da aka ce ƙila ma ba za ta haihu ba?"

"Hajiya, ba a ce haka ba. An ce in ta warke komai zai iya dawowa."

"In ta warke! In ba ta warke ba fa?"

Anti ta taɓe baki. "Ni dama tun farko na ga yarinyar ba ta da kai."

Injiniya bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba. Ranar ma bai ɗaga ba.

"Anti, kin tuna tukunya?"

"Wace tukunya?"

"Wadda kika ce na ɗauko. Tun ranar take kashe kanta da yunwa. Ke kika faɗa, mu muka yi dariya, har da ni. Yanzu kuma mu gudu mu bar ta?"

"Kai, ka ji min yaro! Wasa fa na yi!"

Hajiya ta kawar da kai, ta ce ita dai ta faɗi nata, in ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya tashi daga aiki da rana ya biya asibiti, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Tun daga baranda ya ji ƙamshin da ya sani. Ya tura ƙofa a hankali. An ja labulen gado. Umma na zaune da ƙaramar kula a cinya, ta ɓoye ta cikin mayafi, shinkafa da miya da nama har da soyayyen ƙwai. Auta na kuka, tana haɗiya da ƙyar.

"Ci, 'yar albarka. In dai ni na haife ki, ki cinye. Jiya ma ai kin ci, me ya same ki? Waɗannan da ɗan kofinsu kamar na maganin tari, yaushe za ki tashi?"

Injiniya ya dubi ƙafafun Auta da suka leƙo daga bargo. Sun kumbura sun yi suntum. Numfashinta ma sama-sama yake.

"Umma… likita fa ta ce…"

"Rufe min baki! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ka ga ƙafarta har ta fara cikowa."

"Umma, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Don girman Allah ki bari."

"Ka fita, ka kuma kama bakinka. Wallahi in ka kai ƙarata wurin matar nan, babu kai babu 'yata. Na rantse!"

Auta ta ɗago ido ta dube shi, tana girgiza kai, leɓunanta na cewa kar ka je. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin. In ya yi shiru, yana da Umma, yana da ranar aurensa. In ya yi magana, gida biyu sun rufe masa ƙofa. Kuma wane ɗan mutunci ne ke kai ƙarar surukarsa? Na'urar gefen gado ta yi wani irin tsalle, ta dawo, ta sake yi.

Ya ajiye jakarsa, ya fita da gudu.

"Likita! Nas! Ku taimaka!"

Abin da ya biyo baya, har yau Umma ba ta son tunawa. Aka ɗebi jini da gaggawa, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka turo gado da gudu zuwa ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Kafin a kai ta Auta ta fara fizge-fizge, ba ta gane kowa. Ƙofa ta rufe. Umma ta zube a kan tayil, kular ta kife, miya ta malale har ƙarƙashin kujeru, ba wanda ya bi ta kanta.

"Na kashe ta! Wayyo Allah, da hannuna na kashe 'yata!"

Injiniya ya tsuguna nesa kaɗan, kansa cikin gwiwa, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai ya miƙe zumbur. Har rana ta yi sanyi suna nan.

Da likitar ta fito ta cire tabarau ta goge ido.

"Ta tsallake, da ikon Allah. Da an ƙara kwana ɗaya ana ba ta abincin nan ba mu sani ba, da sai dai haƙuri." Ta dubi Umma, ba tare da faɗa ba. "Na san so ne ya sa ki, Hajiya. Amma wannan ciwon ba a yi masa dure."

Umma ta juya ta dubi yaron da ta rantse za ta raba da 'yarta.

"Ɗana," ta ce da dasasshiyar murya, "zan yi kaffarar rantsuwata. Ka yafe min."

Jinya ta yi tsawo, tsawon da ya gajiyar da kowa. Aka ɗaga biki, ranar da aka sa ta zo ta wuce. Bayan an sallame ta, Auta ta ci gaba da zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da mai tsara abinci. Wata rana ta ci, wata rana ta yi jifa da faranti ta ce duk sun haɗa kai za su mayar da ita tukunya. Ta kori Injiniya ya fi a ƙirga.

"Ka je ka auri mai lafiya! Me za ka yi da ni?"

"Na ji. Gobe ƙarfe nawa ne ganin likitan? In zo da wuri."

Hajiya ta yi fushi ta gaji. Ganin ɗanta ba zai juya ba, wata rana ta ce wa Anti ta ɗauko mayafi su je dubiya. Anti ta shiga ɗakin da shirin barkwancinta, amma da ta ga Auta sai cingam ɗin ya tsaya mata a baki. Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

"Ƙanwata, ban san bakina zai yi wannan ɓarnar ba."

"Ba ke kaɗai ba ce, Anti," in ji Auta a hankali. "Likita ta ce ciwon yana da saiwa da yawa. Ke dai kin zuba masa ruwa ne."

Sai da shekara ta zagayo har ta ɗora kafin likitar ta ce zuciya ta daidaita, jiki ya karɓi kansa. Aka yi biki ba hayaniya. Amarya ta yi kyau, kumatu sun dawo, ido ya yi haske.

Ana cikin ɗaukar hoto, sai wata gwaggo da ta zo daga nesa, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta rungume Auta ta ɗaga murya:

"Masha Allah! Amarya an yi ƙiba, an murje!"

Umma ta dafe ƙirji. Anti ta runtse ido. Injiniya ya ga murmushin matarsa ya daskare, ya san abin da ke faruwa a cikin kanta. A da, dariya za ta yi, ta haɗiye, ta tafi da shi ɗaki.

Auta ta ja numfashi. Ta matso kusa da kunnensa.

"Ta dawo," ta ce. "Muryar. Tana cewa kar in ci komai yau."

"To me kike so mu yi?"

Hawaye ya gangaro ya ɓata mata kwalliya, ba ta share ba.

"Ina jin tsoro, wallahi. Ka zauna kusa da ni. Ka ce wa Umma ta zubo min, daidai yadda aka tsara."

Ta ci tana kuka, shi kuma yana zaune a gefenta har ta ajiye cokali. A duk shagalin ranar, wannan ne abin da ya fi faranta ran waɗanda suka san labarin.

'Yan uwa, magana zarar bunu ce. Jikin mutum ba abin wasan baki ba ne, ko ya yi ƙiba ko ya rame, don ba ka san abin da dariyarka za ta tarar a zuciyarsa ba. In kun ga naku yana gudun abinci yana ƙarewa, kada ku ce yayi ne, kada kuma ku yi masa dure, ku kai shi ga masana tun da sauran ƙarfi. Mai irin wannan ciwon kuma ya daure ya faɗa, domin a ɓoye yake kisa. Shi kuwa masoyin gaskiya ba wanda ke faranta maka kullum ba ne. Shi ne wanda zai yarda ya rasa ka, in dai za ka rayu.